Ranar da Motar Merv Ta Tashi da Makulli

Shekarun da na yi ina tura motar mijina Merv sun fi waɗanda na yi ina goyo da raino in an haɗa su wuri ɗaya. Duk hunturu haka muke. Da yamma zai hau da tsohuwar a-kori-kurarsa can saman tudun da ke bayan rumfar askin tumaki, ya juya hancinta ya kalli gangare, ya ja birkin hannu, ya tokare taya da dutse. Ba ya yarda ya bar ta a kan gangaren sosai, wai motar babansa ta taɓa sulalewa da kanta ta faɗa tafkin da tumaki ke shan ruwa. Don haka sai ya ajiye ta a ɗan shimfiɗaɗɗen wurin da ke sama, inda ba za ta motsa ba sai an sa mata ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa nawa ne.

Da sassafe shi zai shige ciki ya sa giya ta biyu, ya take kuloci, ya leƙo ta taga. Ni kuma in kafa kafaɗa a bayan mota, ciyawa ta daskare tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina.

"Tura mana, Glen! Yau ba ki sha kunu ba ne?"

"Ka sauko in shiga, mu ga naka kunun."

In ta gangara ta ɗau gudu sai ya saki kuloci, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama. Ni kuma in bi ta a ƙafa har ƙasa in buɗe ƙofar shinge, mu loda busasshiyar ciyawa mu kai wa tumaki. Daga watan Mayu zuwa Satumba, wato hunturunmu, motar nan ba ta san amfanin makulli da safe ba. In ka murɗa sai ta yi wani nishi sau biyu ta yi shiru.

Kowa a yankinmu na Monaro ya san dalili, har karnukanmu. Merv ba ya zuba mata baƙin mai sai mai kauri, wanda aka rubuta wa 20W-50 a jikin jarka, muna ce masa ashirin-hamsin. Babansa direban manyan motoci ne a can yamma wajen Bourke, inda kwalta ke narkewa da rana, kafin ya sayi wannan gona a kan tudu. Ya taho da aƙidarsa cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce, inji kuwa mai kauri yake so, ya damƙa wa ɗansa ita tare da gonar. Merv ya riƙe. An haife shi a gidan da ruwan famfo ke daskarewa a cikin bututu, amma har yau in ka tambaye shi ƙasar zafi yake.

Bara ne santsi ya kwashe ni. Ina cikin turawa ƙafata ta zame, na dafe ƙasa da hannu, tsintsiyar hannuna ta ce ƙas. Merv bai ma sani ba, yana can ƙasa yana danna mini oda in zo in buɗe shinge. Ɗanmu Warwick ya baro Canberra a ranar, ya same ni a asibiti an naɗe hannun, ya tsaya a kan babansa yana huci.

"Baba, kashe ta za ka yi? Mace mai jikoki tana tura mota a kan ƙanƙara?"

"Ai ba yau ta fara ba."

"Shi ne ma abin kunyar. Na ce in saya maka wata motar ka ƙi."

"Ranar da ɗana zai saya mini mota, ranar za a kai ni kusa da kakanka."

Warwick irin ubansa ne wajen taurin kai, sai dai shi nasa da takarda a hannu yake yi. Ya ce to shi ke nan, a yi ta ta ƙare. Hunturu mai zuwa zai zo a tsakiyar Yuli ya kwana. In gari ya waye motar ta tashi da makulli, ba turi, ba gangare, ba zai ƙara buɗe baki a kan gona ba. In ta ƙi, a kira dillali a sa gonar a kasuwa, mu koma cikin garin Cooma. Na zaci Merv zai kore shi da sanda. Sai na ga ya miƙa masa hannu nan take.

"Na yarda. Sabon batir da sabon mai kawai take so."

Na ce a raina girman kai zai kashe tsohon nan.

Ni dai ba zan ɓoye ba, Cooma nake so. Ƙanwata tana can a wani ɗan gida mai ɗaki biyu, in sanyi ya dame ta maɓalli take dannawa ɗaki ya ɗume. Ba faskare, ba kwashe toka, ba fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da gatari kafin tumaki su sha. Na gaji. Gajiyar da nake nufi ba wadda barci ke magani ba ce, don da ita nake kwanciya da ita nake tashi. Gwiwoyina sun gaji, hannun da ya karye yana gaya mini za a yi sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Na gaji da haihuwar tumaki cikin dusar ƙanƙara, na gaji da jariran da nake ɗumamawa a gaban murhu su mutu duk da haka.

Amma Merv fa? Kabarin babansa yana ƙarƙashin itatuwan da ke bayan gida. Sunan zuriyarsu ne a jikin ƙofar shinge. Mutumin da ƙugunsa ya lalace har sai ya riƙe sitiyari ya ja jikinsa kafin ya shiga mota, amma bai taɓa cewa wash a gabana ba. A ganina in aka cire shi daga tudun nan bai fi ya yi shekara ba.

Aka shiga Yuli. Sabon batir dai an sa tun farkon sanyi, bai hana ni turi ba. Man juye kuwa Merv ya yi ta jan ƙafa a kansa har sai da ya rage gobe Warwick zai zo. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kam a ranar muke fafewa. Da rana ta ɗaga ya miƙo mini makulli, don ƙugunsa ba ya son doguwar hanya.

"Ashirin-hamsin, Glen. Kada ki bari Branko ya cika ki da surutu ya sayar miki da ruwan shayin nan nasa."

"Na ji."

"Ki maimaita."

"Merv, in ka ƙara cewa in maimaita, da man girki zan dawo maka."

Branko yana da shagon kayan mota a Cooma. Babansa yana cikin baƙin da suka zo haƙa ramukan madatsun ruwa suka zauna, shi kuma a nan ya tashi, bakinsa ba ya hutawa. Yana hango ni ya ɗaga hannu sama.

"Ga injin tayar da motar Merv ta iso! Yaya hannun, Glenys?"

"Yana gaishe ka. Ba ni na kullum."

Ya sauko da jarkar ya dire a kan kanta, amma bai cire hannunsa daga kai ba. Labarin sharaɗin Warwick ya riga ni zuwa, garinmu ba a tari a ɓoye.

"Jibi ne ko?"

"Gobe zai zo, jibi da safe a gwada."

"An ce daren gobe sanyin zai fi na duk bana. Da wannan a cikinta, wallahi ko limamin coci ne ya murɗa makullin ba za ta tashi ba."

"Shi ya ce shi yake so."

"Tun ina da gashi a kaina nake gaya masa. Zo ki gani." Ya jawo wata jarkar ya ajiye kusa da ta farko, ya sa yatsa a kan rubutun, 5W-40. "Lambar gaban nan, mai W a jikinta, ita ke gaya miki yadda man zai kwana cikin sanyi. In babba ce, kamar ashirin ɗin nan taku, da asuba ya zama kamar man shanun da ya kwana a waje. Batir ya yi ta kokawa da shi, kafin inji ya juya sau biyu ƙarfinsa ya ƙare. Biyar kuwa ko ƙanƙara ta rufe mota yana gudu. Lambar baya ita ce kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Arba'in da hamsin ba wata tazara ba ce ga motar da ba ta wuce gona da Cooma. Abin da Merv ke tsoro ke nan, wai zai tsinke, alhali haɗaɗɗen mai ne, sintetik, ba ya tsinkewa haka nan."

"Wancan mai sifilin fa? Ai ya fi biyar ƙanƙanta."

"A'a, rufa mini asiri. Sifili-ashirin na sababbin motocin su Warwick ne. In kin ɗura wa tsohuwarku shi, ta sha rabi ta zubar da rabi. Ko wannan ɗin ma ki riƙa duba sandar awon mai, tsohon inji yakan ɗan yi yoyo." Ya tura mini jarkar. "Ki zuba biyar-arba'in, jibi bugu ɗaya."

"Ka tabbata?"

"In ba ta tashi ba ni zan zo in tura."

Na tsaya ina kallon jarkokin nan biyu. Sai a lokacin abin ya faɗo mini sosai. Ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na yi wa kowa makirci ba. In na ɗauki abin da mijina ya aiko ni, wanda har ya nemi in maimaita sunansa, jibi mota za ta yi nishinta ta yi shiru, kafin bazara ina Cooma. Laifin nasa ne, kowa shaida. In kuma na saɓa masa na ɗauki ɗayar, ya ci sharaɗi, ni kuma na saya wa kaina wani hunturun, da na bayansa, har ranar da ɗayanmu zai faɗi a cikin garke.

Na biya kuɗin mai kaurin na fita. Branko ya bi ni da kallo har bakin ƙofa.

Na ajiye jarkar a kujerar gefe, na tuƙa har layin ƙanwata, na tsaya daga nesa ban shiga ba. Akwai gida na uku daga nata da aka kafa wa allon sayarwa. Ƙaramin fili a gaba, wanda mutum zai share kafin ruwan shayi ya tafasa. Na daɗe ina kallonsa. Na ga inda zan sa kujerata. Sai na nemi inda zan sa Merv a cikin gidan, na rasa. Duk inda na ajiye shi sai in gan shi a bakin taga da hularsa a gwiwa yana kallon katangar maƙwabci. Haushi ya kama ni, nasa da nawa. Na zagi motar, na zagi babansa da ke kabari, na juya na koma shagon.

"Canza mini," na ce wa Branko. "Kuma in kana da tsohuwar jarkar ashirin-hamsin da ba komai a ciki, juye mini shi a ciki."

Ya yi dariya har da dafa kanta. "Glenys! A shekarunki?"

"In na ji maganar nan a bakin wani, kai da ni ne."

"Ni? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Naka kam don shi aka yi. Yi sauri."

Washegari da rana muka yi juye. Tun da ƙugun Merv ya ƙi, ni ke shiga ƙarƙashin mota, shi yana zaune a kan durom yana ba da umarni kamar ban taɓa riƙe sifana ba. Abin da ya rufa mini asiri al'adar gidan ce. Mai kaurin ba ya zubuwa cikin sanyi, sai ka tsaya da mazurari har hannunka ya sage, don haka tun zamanin babansa ake ajiye jarkar a gefen murhun kicin tun safe ta ɗumama. Ɗumammen mai kuwa duk ɗaya ne a ido. Na kwance noti, tsohon man ya zubo baƙi ƙirin, na canza matatar mai, na fito bayana duk ƙasa. Da na zo zubawa sai ya tsura wa mazurarin ido.

"Yau kam ya ɗumu da kyau."

"Kusa da wuta na sa shi."

"Kin gani ko? Mai ke nan. Ba ruwan shayi ba."

Warwick ya iso da yamma da ledar lemo da fuskar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na gasa cinyar tunkiya da dankali da kabewa. Merv kuwa wani irin sakin jiki ya yi da na daɗe ban gani ba, ya ƙara nama, ya tsokani Warwick a kan tumbinsa, ya ba da labarin shekarar da dusar ƙanƙara ta binne shinge har tumaki suka taka ta kansa suka shiga gonar maƙwabta. Kafin rana ta faɗi ya fita ya kawo motar ya ajiye a fili tsakanin gida da rumfa, inda sanyi ya fi kwanciya. Tsohon bargon dokin da yakan rufa mata a kan inji ma bai ɗauko ba.

"Ba za ka rufe ta ba?" na ce.

"Kada yaro ya ce na yi maguɗi."

Na ce a raina, ji mutum, za a yanka shi yana gyara wa mahauci wuƙa.

Gari ya waye fari fat. Ba iska, ba motsi, wayar shinge ta yi kauri da ƙanƙara, ruwan kwanon karnuka ya zama dutse. Ma'aunin da ke jikin tagar kicin ya nuna sha biyu ƙasa da sifili. Muka fito mu uku, numfashinmu yana tashi kamar hayaƙi. Warwick ya kankare gilashin gaba da katin banki, ya koma gefe ya cusa hannuwa a hammata. Na ga bai ji daɗin abin da yake shirin ci ba, ya kasa kallon ubansa.

"Baba, in kana so mu bari rana ta ɗan fito..."

"Sharaɗi sharaɗi ne."

Merv ya kama sitiyari ya ja jikinsa ya shiga. Ni ma na zagaya na shiga gefensa, don ban san inda zan tsaya ba in ba a bayan mota ba. Ya murɗa makulli rabi, ya jira 'yar fitilar ɗumama inji ta mutu. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya murɗa.

Injin ya juya da sauri, wani sauti da na manta motar nan tana da shi, ya yi tari ɗaya ya kama. Karnuka suka ruɗe da haushi suka yi tsalle suka haye baya.

Warwick ya buɗe baki, sai kuma ya fashe da dariya, ya daki murfin injin da tafin hannu.

"Kai! Tsohon nan! To na sha ƙasa, Baba, na sha ƙasa. Gonarka ce, ka zauna har ka gaji. Ku bar ta ta ɗumama, bari in je in kwanto muku ciyawar."

Ya nufi rumfa yana girgiza kai. Na juya in ga yadda Merv zai yi mini ƙafafa, don na riga na shirya jin zancen mai kauri har ƙarshen rayuwata. Sai na ga yana zaune hannunsa a kan makulli bai ɗauke ba. Fuskarsa ta zube. Ban taɓa ganin tsufansa kamar na wannan safiya ba.

"Glen. Me kika zuba mata?"

"Abin da ka aike ni."

"Kada ki yi mini haka. Motar nan ba ta taɓa tashi da makulli da safe a Yuli ba. Ko sau ɗaya. Me kika zuba?"

"Biyar-arba'in. Na Branko." Na ɗaga murya don in rufe kunyata. "Sai ka yi ta faɗa in ka ga dama. Da na bi taka, da yanzu ɗanka yana kiran dillali."

Injin yana ta bugawa lafiya lau a ƙarƙashinmu.

"To da me kike tsammani na miƙa masa hannu?" ya ce, a hankali, yana kallon gilashi.

Ban gane ba da farko. Can kuma sai na gane, so yake ya faɗi sharaɗin.

"Merv."

"Na gaji, Glen. Tun kafin ki karye. Kowace safiya sai na yi wa ƙafar nan magiya kafin ta sauka daga gado." Ya share hanci da bayan safar hannu. "Amma ta yaya zan faɗa? In shiga mashaya in ce wa abokaina su Col na sayar da gonar babana don na gaji? Mutumin da ya share duwatsun tudun nan da hannunsa yana kwance a bayan gida. In mota ce ta ƙi tashi, shi ke nan, an yi sharaɗi na faɗi, yaro ya fi ƙarfina. Ba mai cewa komai."

"Shi ne ka bar ni ina turi duk bana."

"Na ce hunturu ɗaya ne ya rage."

"Ka ce wa wa? Ni dai ba ka ce mini ba."

"Ke ma ai ba ki ce mini kina son tafiya ba."

"Sai na faɗa? Makaho ma ya gani!"

"To me ya kai ki canza man?"

Na kawar da kai, don ban yi niyyar yin kuka a gaban mutumin da nake jin kamar in shaƙe ba. Ga mu nan tsofaffi biyu a cikin mota, kowa ya yi wa ɗan'uwansa abin da ba a roƙe shi ba. Can na hango Warwick yana jawo damin ciyawa bakin rumfa, yana fito abinsa.

"To ga shi can," na ce. "Buɗe baki ka gaya masa."

Merv ya kalli ɗansa. Ya kalli itatuwan bayan gida. Ya kama marfin ƙofa, ya sake shi. Na san mijina. Zai iya mutuwa a cikin garken nan da igiyar dami a hannu, amma wannan kalma ba za ta fito daga bakinsa a gaban ɗansa ba.

"Bari mu kai musu ciyawar," ya ce. "Suna jira."

Na miƙa hannu na kashe motar. Na buɗe ƙofa na sauka, gwiwoyina suna ƙara, na taka har bakin rumfa. Warwick ya ɗago.

"Mama, me ya faru? Ta mutu ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Babanka ya ci sharaɗinsa, kai shaida ne. Amma ni ba da ni aka yi sharaɗin ba." Na ɗaga murya yadda za ta kai mota. "Na gaji, Warwick. Ba zan ƙara hunturu a tudun nan ba. Ranar Litinin ka kira dillali. In babanka zai zauna, ya zauna shi da karnukansa, ni Cooma na nufa."

Warwick ya saki damin. Ya dubi mota. Sai ga Merv ya turo ƙofa, ya sauko da ƙyar, yana ɗaga sanda.

"Ka ji ta ko? Ka ji uwarka? Mota ta tashi bugu ɗaya, a gabanka! Wannan wace irin shari'a ce?"

"Baba, yi haƙuri..."

"Ƙasar ubana! Mace ta tashi rana ɗaya ta ce a sayar!"

Ya yi faɗa sosai, har da buga sanda a ƙasa. Sai dai duk faɗan bai ce a'a ba ko sau ɗaya, kuma bai yarda mun haɗa ido ba. Warwick ya yi ta lallashinsa, yana cewa ya duba halin da Mama ke ciki. A ƙarshe Merv ya sauke numfashi ya ce to, tunda abin ya zama haka, ba zai bar matarsa ta tafi gari ita kaɗai mutane su zage shi ba.

An sayar da gonar da bazara. Gidan da na gani wani ya riga mu, muka samu wani a bayan asibiti. Yanzu Merv yana barci har rana ta shigo ɗaki, ya yi ƙiba, ƙugun ma an sa masa ranar aiki. Duk Juma'a yana mashaya yana ba su Col labari, cewa da ba don Glenys ba da yana can kan tudu har gobe, motarsa ta tashi bugu ɗaya a sanyin da ya fi na kowace shekara, ɗansa shaida ne. Su kuma su girgiza kai su saya masa wani kofin.

Ni ce dai ba a saya wa komai. Matan da muka yi shekaru muna haɗa shayin coci tare sun rage sakin fuska. Rannan Beryl, matar Col, ta tare ni a bakin ƙofa bayan sujada, ta riƙe mini hannu, mai karayar ma kuwa.

"Ke kam Glenys, kin iya. Ki raba mutum da ƙasar ubansa da tsufansa. Ko ɗan tausayinsa ba ki ji ba?"

Merv yana tsaye a gefena da hularsa a hannu, yana jin komai. Na ba shi lokaci ko zai faɗi gaskiya. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin hular.

"Ban ji ba, Beryl," na ce. "Sakar mini hannu, ciwo yake."